Ƙarfin Aro

A ƙasar nan tamu babu abin da a ke ƙullawa ba tare da goro ba. Da shi a ke neman aure, da shi a ke gayyatar suna, da shi a ke sallamar baƙo. Har wanda ya kawo labari mai daɗi sai ya ce, "Albishirinka," a amsa masa, "Goro." Tun zamanin kakanni fatake su ke barin Kano da jakuna, su yi wata da watanni a hanyar Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yanzu, domin su ɗauko shi. Yau motoci ne su ke kawo shi huhu-huhu daga Shagamu da sauran garuruwan Yarabawa, su sauke a kasuwar Mariri a Kano, daga can ya watsu har ya iso farantin mai talla a tashar Birnin Kudu ko a kasuwar Sara. Amma da wuya ka sami mai cin goro wanda ya san sunan abin da ke cikinsa mai hana gyangyaɗi.

Ni malamin makaranta ne. Na yi shekaru da dama ina koyarwa a makarantun Birnin Kudu da Gwaram, kuma a yawancin shekarun nan ni ne mai kula da wasanni. Saboda haka na ga yara da yawa masu neman ƙarfi, waɗansu ta hanyar horo, waɗansu kuwa ta hanyar abin da za su haɗiya. Abin da na gani da abin da na koya, shi na ke so in ajiye a gabanku, ya ku iyaye, gama maganar ta shafi kowane gida inda akwai saurayi.

Abin da ke cikin goro sunansa kafeyin. Shi ne kuma a cikin ganyen shayi, da kofi, da lemon kwalba baƙi, wanda ma daga goron ne rabin sunansa ya fito, watau Coca-Cola, da a ka fara haɗawa a Amurka a 1886. Ga yadda ya ke aiki. Tun daga safe, muddin mutum yana farke, akwai wani sinadari mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa kaɗan-kaɗan. Idan ya taru da yawa sai mutum ya fara hamma, idonsa ya yi nauyi. Shi ne manzon da jiki ke aikowa ya ce, "Na gaji." To, kafeyin ba ya kashe gajiyar. Zuwa ya ke yi ya zauna a inda manzon ya kan zauna, sai manzo ya rasa wurin isar da saƙo. Gajiya tana nan daram, ji ne kawai mutum ya daina yi. Bayan awa biyar ko kusan haka rabin kafeyin ɗin ya bar jini, sauran rabin yana nan. Shi ya sa wanda ya sha shayi mai kauri da la'asar ya kan yi ta juyi a kan tabarma har tsakar dare, ya na zargin sauro ko zafi.

Kada wani ya ce malam ya hana goro da shayi. Ban hana ba, ni ma ina ci ina sha. Har ma a asibiti likitoci su kan ba jariran da a ka haifa bakwaini ɗan kafeyin domin kada numfashinsu ya riƙa tsayawa. Magana a kan yawa ce. A shekarar 2015 hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasashen Turai ta duba binciken da a ka yi, ta ce babban mutum mai lafiya zai iya shan miligiram 400 a yini ba tare da wata illa ba, mace mai ciki kuwa kada ta wuce 200. A kofin shayi ɗaya akwai wajen miligiram 40 zuwa 50. A kofin kofi akwai 60 zuwa 100. Ƙaramin gwangwanin Red Bull yana da 80. Shi goro ba shi da ma'auni ɗaya, gama wani marsa ne wani minu, amma wajen kashi biyu cikin ɗari na busasshen goro kafeyin ne. Yanzu fa ku lissafa wa direba ko tela: shayi da safe an zuba masa kofi a ciki, goro biyu kafin azahar, lemon ƙara kuzari da rana, ga ƙunshin garin Alabukun saboda ciwon kai, wanda shi ma asfirin ne da kafeyin. Kafin magariba ya zarce iyaka bai sani ba. Sai hannu ya kama rawa, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ciki ya yi zafi, fushi ya zo kusa. Ranar da bai samu ba kuma kansa ya sara kamar zai rabe, ya ce ai ga shi, jikinsa ba ya yi sai da shi. Wannan ciwon kai na sabo ne, ya kan wuce cikin mako guda ko kaɗan fiye, idan mutum ya rage a hankali.

Mata masu ciki, ku kula da abu biyu. Jikin mai ciki ya kan daɗe ƙwarai kafin ya fitar da kafeyin, kuma yana ratsawa ya kai ga ɗan da ke cikin. Na biyu, shayi a kan abinci yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe mai gina jini, alhali ƙarancin jini shi ne ya fi damun mata masu ciki a ƙauyukanmu. In za a sha, a bari abinci ya faɗa tukuna.

Wannan ke nan game da ƙaramin. Akwai babban wansa, wanda a ke kira efedirin. Asalinsa wani ɗan tsiro ne da mutanen ƙasar Sin su ka daɗe suna maganin tari da shi, su na kiransa ma huang. Wani masani Bajapane, Nagai Nagayoshi, shi ya fara tsamo sinadarin daga tsiron a 1885. Magani ne na gaske a hannun wanda ya san shi. Yana buɗe hanyoyin iska a huhu, don haka da can a kan ba masu asma. Yana tsuke jijiyoyin jini, don haka ƙanensa, sudo-efedirin, ya ke cikin waɗansu magungunan mura masu buɗe hanci. Har yau idan an yi wa mace allurar kashin baya za a ciro jariri, jininta ya faɗi, da efedirin a kan ɗago shi. Amma ku dubi abin da ya ke yi wa mai lafiya. Yana sa jiki ya zama kamar na wanda ya yi arangama da kura: zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, jiki ya ƙara zafi, yunwa ta ɗauke, barci ya gudu. Tsoron kura na ɗan lokaci ne, ya wuce. Wannan kuwa awa da awa. Idan an haɗa shi da kafeyin sai kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa kaifi. Daga nan ne a ke samun shanyewar ɓarin jiki da tsayawar zuciya ga samari waɗanda ba su taɓa kwanciya asibiti ba.

Mu 'yan Nijeriya muna da dalilin tuna sunan wannan magani. A 1994 ne ƙasarmu ta fara zuwa gasar cin kofin duniya na ƙwallon ƙafa, a Amurka. Ran 25 ga Yuni mu ka kara da Ajantina kusa da birnin Boston. Mun kalla da daddare a tsakar gidan wani maƙwabci, an fito da talabijin an ɗora a kan tebur, yara a gaba a ƙasa, manya a kan benci. Samson Siasia ya fara ci, unguwa ta ɗauka da ihu. Kafin a je hutu Caniggia ya rama biyu, haka a ka tashi. Diego Maradona bai ci ƙwallo ba a ran nan, amma ya wahalshe mu, ga shi ya haura shekara talatin yana gudu kamar ɗan ashirin. Da a ka tashi mu ka ga wata ma'aikaciya ta riƙe hannunsa sun fita daga fili, yana murmushi. Gwajin fitsari za ta kai shi. Bayan 'yan kwanaki rediyo ya faɗa cewa an sami efedirin da danginsa a jikinsa. A ka kore shi daga gasar, a ka dakatar da shi wata 15, bai ƙara buga wa ƙasarsa wasa ba har ya mutu a 2020. Mutanensa sun ce a cikin wani maganin ƙara kuzari ne da mai horar da shi ya saya masa. Washegarin labarin yarana a makaranta ba su yi maganar korar ba. Abin da ɗaya ya tambaye ni shi ne, "Malam, wane magani ne wannan, ana samunsa a Kano?"

Ba shi kaɗai ba ne. A wasannin Olamfik na 1972 a Munich ta Jamus, wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 16, Rick DeMont, ya ci zinariya a iyo na mita 400, a ka karɓe domin akwai efedirin a maganin asmarsa. A 2000 a Sidni ta Ostireliya an yi wa wata yarinya 'yar Romaniya haka, Andreea Raducan, ita ma shekararta 16, saboda ƙwayar mura da likitan ƙungiyarsu ya ba ta. A 2010 a birnin Delhi na Indiya, a wasannin ƙasashe renon Ingila, 'yar ƙasarmu Oludamola Osayomi ta sami zinariya a gudun mita 100, bayan 'yan kwanaki a ka ƙwace saboda an ga wani sinadarin ƙara kuzari a fitsarinta. Waɗannan lambar girma su ka rasa. Akwai waɗanda su ka rasa rai. Tom Simpson, Baturen Ingila mai tseren keke, ya faɗi ya mutu ran 13 ga Yuli 1967 yana hawan wani dutse a Faransa cikin tsananin rana, an sami amfetamin a jikinsa da aljihunsa. Steve Bechler, ɗan wasa a Amurka mai shekara 23, zafi ya buge shi a wurin horo a watan Fabrairu 2003 bayan ya sha maganin rage ƙiba mai wannan tsiro, ya mutu. A shekarar da ta biyo gwamnatin Amurka ta hana sayar da irin waɗannan magunguna.

Ku lura da abu ɗaya a labarin mutanen nan biyu: rana. Jiki mai aiki yana haifar da zafi, gajiya kuwa ita ce birki, ita ke sa mutum ya rage gudu ko ya nemi inuwa kafin zafin ya dafa shi. Ƙwaya tana ƙara zafin, ta kuma cire birkin. In haka ta faru a Faransa, ina ga Birnin Kudu a watan Afrilu, sa'ad da zafi ya ke haura digiri 40, ko akuya ba ta barin gindin katanga?

Shi kafeyin, hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, wadda a ka kafa a 1999, ta cire shi daga jerin abubuwan da a ka haramta a 2004. Gaskiya ne yana taimaka wa mai dogon gudu kaɗan. Masu bincike sun ga miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin mutum ya isa, watau ga saurayi mai kilo 60 kamar kofi biyu. Ƙari a kan haka ba ya ƙara gudu, sai rawar jiki da tashin zuciya. Taimakon kuma ɗan kaɗan ne, irin wanda ke raba na ɗaya da na biyu a tsakanin gwanaye. Yaron da bai yi horo ba, ko ya cinye ƙwaryar goro, na ƙarshe zai zo.

Wata shekara da bazara mun yi gasar guje-guje tsakanin makarantu. Akwai wani yarona mai dogon gudu, siriri, natsattse, ɗan wata gwauruwa. A zagaye na farko ya wuce kowa da tazarar da ban taɓa gani ya yi ba. A na uku sai na ga ya fara tangaɗi, yana barin layinsa. Bai kai ƙarshe ba ya kife. Da na isa jikinsa kamar garwashi, idonsa a buɗe amma bai san ni ba, zuciyarsa tana bugawa har ana gani ta cikin singileti. Mu ka ja shi inuwar darbejiya, mu ka kwarara masa ruwan randa, yara suna yi masa fifita da kwali, sa'an nan mu ka ɗauke shi zuwa asibiti. Ya kwana uku. Allah ya sa da sauran kwana. Abokinsa ne ya fito da ragowar ƙwayoyin daga safa, farare ƙanana a ƙulle cikin leda, ba suna, ba kwali. A wurin wani mai tallar magani a faranti su ka saya ran kasuwa, ya ce musu biyu na noma ne, uku na gudu. Yaron ya sha huɗu, ya kora da kofi.

Uwarsa ta zo ta same ni a barandar asibiti. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam, ashe abin da ya sa ba ya cin tuwo ke nan? Tun damina na ke ajiye masa, da safe in tarar da shi yadda na rufe." Na ce, "Tun damina, Mama?" Ta ce, "Tun da ya fara bin samari ƙwadago."

A nan ne asalin maganar ya ke, ba a filin wasa ba. Yaron bai koyi ƙwaya domin gudu ba, a gona ya koya. Aikin ƙwadago a wajenmu yawanci jinga ne: ga gona, ga kuɗi, in ka gama yau ka karɓa yau. Lokacin noman farko, ko yankan riɗi, ko cirar gyaɗa, kowa na neman hannu a mako ɗaya. Saurayin da zai iya gama gona biyu a yini ya fi mai gama ɗaya samu. Wa zai ga laifinsa in ya so haka? Da can, a shekarun 1970, ƙwayar da a ke kira a-ji-garau ce. Yanzu tiramol ya fi yawa, wanda asalinsa ma maganin ciwo ne, yana kashe zafin jiki har mutum ya yi ta aiki bai ji ba, in ya yi yawa kuma ya jefa shi cikin farfaɗiya. Tun daga Janairun 2024 an haramta shi ga 'yan wasa lokacin gasa. Ga kuma gadagi, wanda a dā ciyawa ce da a ke yanko wa doki, yanzu an mai da ita shayi ga 'yan dako da 'yan acaɓa, mai sha kuwa bai san abin da a ka ƙara a tukunyar ba. Direbobin da ke bin hanyar nan tamu, daga Kano ta Wudil zuwa Birnin Kudu, su rabu a Babaldu waɗansu su yi Ningi da Bauchi, waɗansu su yi Gwaram har Darazo da Gombe, su ma da yawansu haka su ke yi domin su ƙara sawu ɗaya. Amma barci ɓarawo ne. Wanda ya ci bashinsa kwana uku, zai biya, wani lokaci yana riƙe da sitiyari.

Hukuma tana nata ƙoƙari. An kafa NDLEA a 1989, NAFDAC kuma a 1993. A 2018 an hana maganin tari mai kodin. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abin maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Shi efedirin yanzu ana sa masa ido ƙwarai, domin da shi a ke dafa mugun abin nan metamfetamin, wanda a ka fara gano wurin haɗa shi a Legas a 2011. Amma jami'i ba zai tsaya a kowace gona ba, ba zai binciki kowane faranti ba.

Yanzu zan faɗi abin da ba zai yi wa waɗansunmu daɗi ba. Da yawa cikin masu karanta wannan mujalla su ne masu ɗaukar 'yan ƙwadago. Mun san wane ne ke gama aikin mutum biyu, mun kuma san dalili, shi mu ke aika a kira. Na taɓa jin mai gona yana yabon wani saurayi yana cewa, "Wannan ba ya ko neman abinci." Yabo ne wannan? Har akwai masu aika fura da ƙwaya tare zuwa gona, wai don aiki ya yi sauri. Wanda ya yi haka ya sayi shekarun ɗan wani da kuɗin yini ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara. Na ga samarin da su ka yi tashe a ƙwadago shekara huɗu ko biyar, yau suna zaune a bakin tasha, ba su kai talatin ba, hannu yana rawa, ko buhu rabi ba sa iya ɗagawa. A ganina mai gona na kirki zai yanka jinga daidai ƙarfin mutum mai ci da sha, ya kai ruwa da abinci, ya ce a huta sa'ad da rana ta take tsaka, ko da aikin zai kai gobe.

Ku iyaye mata, ku ne ku kan fara gani, kamar yadda uwar yaron nan ta gani ba ta gane ba. Tuwo yana kwana. Yaro yana ramewa alhali yana aiki kamar inji. Ba ya barci, ko kuwa ya yi kwana biyu yana aiki ya zo ya yi yini guda a sheme. Bakinsa a bushe, yana yawan tsaki, abu kaɗan ya hau ƙannensa da faɗa. Idan kun ga haka, kada a fara da duka ko tara masa jama'a, gama kunya za ta kore shi zuwa wurin waɗanda su ka koya masa. Uba ko kawu ya ja shi gefe ya tambaye shi abin da ya ke sha, guda nawa, tun yaushe. Wanda ya daɗe a kan tiramol kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, a kai shi wurin likita a rage masa bi da bi. Mu a nan muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a cikin Birnin Kudu, ba sai an je Kano ba. Mai hawan jini kuma, ko mai ciwon zuciya, ko tsohon da fitsari ke yi wa wuya, kada ya sayi maganin mura a kemis sai ya faɗi ciwonsa, domin waɗansu suna ɗauke da dangin efedirin.

Idan kuwa wani ya faɗi a gona ko a filin ƙwallo, jikinsa ya yi zafi, hankalinsa ya gushe, kada a tsaya neman wanda ya yi masa baki. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a jiƙa shi da ruwa sosai, a yi ta fifita har a hanya. In bai san inda ya ke ba kada a ɗura masa ruwa ko madara, zai shaƙe. In yana fizge-fizge a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki. A nemi mota ko babur nan da nan. Kafin a tashi, wani ya laluba aljihunsa, ya tambayi abokansa. Duk abin da a ka samu, ƙwaya ce, ko leda, ko gwangwani, a tafi da shi a nuna wa likita.